Takardar da Na Hana Ka Nema

Zuwa ga abokina Iro,

Assalamu alaikum. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba, babu direban da ke bin hanyar da ka bi ya dawo. Ko da kana raye ma, yaushe ka taɓa haƙurin karanta takarda har ƙarshe? Amma damina biyu ke nan da muka kai ka makwancinka, kuma akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana a gonarka ta hanyar Gwiwa, ƙanenka ya yi wa rumbu sabuwar jinka. Mai ɗakinka tana nan, sai ɗan ciwon baya. Ni kuwa hannun dama ya fara yi mini gardama idan na daɗe ina kiɗa.

Ka tuna shekarun da muka yi muna koya wa 'yan sakandare rawar koroso, kai da ƙafa, ni da ganga? Babura, Roni, duk inda aka kira gasa sai mun dawo da kofi. Amma a rajistar makaranta babu sunanka, babu nawa. Sai baƙi za su zo ake tunawa da mu, a ba mu lemo, a sallame mu. Mai koyar da lissafi malam ne, kai kuwa mai rawa.

Sai ranar da shugaban makaranta ya kira ka, ya ce za a ɗauki malamin al'adu, amma sai mai takardar shaidar ƙwarewa, wadda ake bayarwa a wata cibiya a Kazaure. Ya ba ka fom. Ka kawo mini shi gindin darbejiyar ƙofar gidana, fuskarka kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan salla. Na yi dariya. Na ce wane ɗan biro ne zai auna ƙafar Iro? Na ce raini ne, mahaifinka da ya koya maka wace takarda ya riƙe? Na san ka sarai, na san inda zan taɓa. Ka ninke fom ɗin, ba ka sake maganarsa ba.

Iro, ba don mutuncinka na faɗi haka ba. Tsoro ne. An gaya mini masu takarda da na'ura suke koyarwa, a danna waya kiɗa ya tashi. Na hango ka a cikin aji da babbar riga, ni kuwa a waje da gangata babu mai nemana. Na gwammace mu rasa tare, a kan ka samu kai kaɗai. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ina jin kunyarta.

Ka san abin da ya biyo baya. Aka ɗauki wani matashi mai takarda, mutumin kirki, sai dai korosonsa a waya ya gan shi. Aka daina kiranmu. Ka koma gona. Na lura in za ka kasuwa zagaye kake yi don kada ka bi ta gaban makarantar, ban taɓa tambayarka dalili ba. Har ciwo ya kwantar da kai kana ce mini amini.

Yanzu ga labarin 'yarka Hadiza. Ashe duk lokacin da kake gwaji a tsakar gida tana bayanka tana ɗaukar takunka. Bara ta nemi fom da kanta. Mijinta ya ɗan ja da farko, amma da ya ji 'yan mata za ta koyar, a makaranta, da takarda a hannu, sai ya amince, har shi ke kai ta a babur. Ta yi watanni tana zuwa horo. Ana gobe jarrabawa ta zo ta durƙusa, ta roƙe ni in yi mata kiɗa. Da wane baki zan ce a'a?

Abin da na gani a can Kazaure shi ya hana ni sukuni. Ba wani dogon rubutu ba ne. 'Yan mata aka kawo mata aka ce ta koya musu. Aka tambaye ta yadda za ta sa su motsa jiki kafin a ɗaura musu akayau a ƙafa, da yadda ake durƙuso ba tare da an ji wa ƙafa ciwo ba, da abin yi in yarinya ta ga jiri. Duk abin da kai kake yi ne, sai dai ba ka ba shi suna ba. Da ka je, da ido a rufe za ka ci. Babban mai jarrabawar kuma dattijo ne sa'anmu, mai furfura. Shi da kansa ya sa aka kashe na'ura, ya ce mai koyo makaɗin da zai bi ƙafarsa yake bukata. Da aka gama har ya tambaye ni ko ina son fom, wai makaɗa ma suna da tasu takardar. Na zagaya bayan gini na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Ta ci, Iro. Ranar Litinin za ta fara aiki a makarantar 'yan mata a Roni. Malama Hadiza ake ce mata.

Jiya bayan la'asar na gaya mata komai, yadda na gaya maka yanzu. Ta saurare ni har na gama, idonta a ƙasa. Ta gyara mayafinta, ta tashi ta tafi, ko sallama babu. Ban ga laifinta ba. Da kai ne, me za ka ce mini? Za ka zage ni ka huce, ko za ka yi irin shirun nan nata?

Ranar Litinin zan ɗaure ganga a bayan babur in je in zauna a ƙofar makarantar. In ta aiko, in shiga. In ba ta aiko ba, in koma ranar Talata.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini.

Makaɗinka,
Tanko