Kaka Tumba, Na'ura Ta Ba Ki Gaskiya

Assalamu alaiki Kaka Tumba ta Banga. Wannan takarda daga Babban Farfesa ce, shugaban duk masanan jami'a, mai kujerar da ke juyawa. Na san ba za ki karanta ba, wata bakwai ke nan kina kwance a makwancinki. Ko da kina raye ma ai sai an karanta miki.

Gida lafiya lau. An yi ruwa sosai bana, gero ya yi kyau, akuyarki mai baƙin kunne ta haifi biyu. Naman kaza ya fito a surin nan na gonar Kawu Bala, amma babu mai ƙarfin halin tsinka. Wa zai tantance mana, ke ba ki nan?

Kin tuna bara da damina, da Saratu ɗiyar Kawu ta zo daga jami'a tana neman naman kaza don bincikenta? Kin shanya mata, kin ƙulle kowane iri a tsummansa. Babban nan mai faɗin faifai da ke fitowa kan suri, da ƙananan nan farare kamar an watsa shinkafa, kin ɗaure ƙullinsu da zare ɗaya, kin ce 'yan ɗaki ɗaya ne. Na juji kuwa, mai sa amai, wanda ya yi kama da babban kamar tagwaye, kin ce bare ne. Har matan gida sun yi dariya, suka ce tsufa ya fara taɓa ki.

To Saratu ta dawo. Ta ce akwai wani rubutu da Allah Ya ajiye a jikin kowace halitta, su suna kiransa DNA, da shi ake gane dangantaka ko da fuska ta yi ƙarya. Sun niƙa abin da kika ba ta, na'ura ta karanta, ta fitar da salsala kamar ta gidan malamai. Babban da ƙananan reshe ɗaya suka hau. Na juji yana can wani reshen daban. Kaka, yaya aka yi kika sani? Ke da hanci da ɗan yatsa kawai, su da farar riga da wutar lantarki, kuma magana ta zo ɗaya!

Sai dai ga inda aka samu matsala. A cikin ƙullin na suri, na'ura ta tsinci gutsuren na juji guda ɗaya. Saratu ta ce za ta rubuta a littafinta cewa tsohuwa ta yi daidai, amma sau ɗaya ido ya yaudare ta. Shekara nawa kina ciyar da gidan nan da miyar naman kaza, ko ciwon ciki ba a taɓa yi ba, sai yanzu a rubuta kin kuskure?

Ni na saka shi. Kin tafi alwala, na kwance ƙullin na cusa, don in ga ko masu boko za su gane. Sau uku na taɓa yi miki haka a kwando, sau uku kina cirewa ba ki ko duba ba, kina jifana da shi. Wannan karon kin riga kin ɗaure, shi ya sa ba ki kama ni ba.

Jiya na hau babur har Kaura na sami Saratu na faɗa mata. Ta zage ni tas, na tsaya na sha. A gabana ta goge layin. Yanzu sunanki na nan a shafin farko, babu ko ɗigon kuskure a gefensa.

Ki yafe mini, matata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma.

Ai na san tun layin farko kin shinshino ni. Babu wani Farfesa, allo kaɗai na taɓa riƙewa.

Angonki marar jin magana,
Iliya, jikanki.