Su'ad a Gaban Tirela

Unguwar Yelwa, Garwa,
25 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga Addata Mairamu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Mahfuzu da duk mai cin abincin tukunyarki. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, Ya rage miki hawa da saukar tuddan Yawunde. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, kogin Binuwai ya cika ya batse. Inna ta warware sarai, har ta dawo kushe miyata, kin ga sauƙi ya samu ke nan.

Na zaɓi takarda maimakon waya, domin a waya ke kina katse ni, ni kuma ina ɗaga murya, kuma wannan maganar ba ta son ko ɗaya. Maganar autata Su'ad ce. Kin san alkawarin da na yi miki, cewa farkon Satumba zan sa ta a jirgi ta zo ki riƙe ta, ta yi lekol, wato makarantar boko, a wajenki. Kin san kuma dalili. Yarinya ta maimaita aji, malamarta ta rubuta a takardar sakamako cewa ba ta buɗe baki, a gida ma sai ki tambaye ta sau uku kafin ki samu kalma ɗaya. Ni da na yi shekara goma sha tara ina koyar da 'ya'yan mutane Faransanci, tawa ta gagare ni. Na ce ƙila sabon wuri da sabon hannu su yi abin da na kasa. Mijina Isa, Alhajin Tirela kamar yadda kike kiransa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai yi ta juya cokali a shayi, wanda shi ne iyakar jawabinsa a kowace magana mai nauyi tun ranar da aka kai ni gidansa.

To, ga abin da mutumin nan ya aikata. Ranar Litinin ta makon jiya na tafi suna da sassafe, na dawo da hantsi, babu Su'ad, babu takalminta, babu buroshin haƙorinta. Sai maƙwabciyarmu Véronique ta leƙo ta katanga tana dariya, wai Alhaji ya ce a faɗa mini ya tafi da yarinya Ngawundere, za su dawo Juma'a. Saƙo ta katanga, Adda! Kamar aron turmi ya yi. Ashe direbobin tasharsu suna da wata al'ada tun da daɗewa: kafin hutun damina ya ƙare, kowa kan ɗauki ɗansa ɗaya ya yi tafiya guda da shi, su jera motoci, wai don yara su ga inda abincinsu ke fitowa. Na san da zancen, amma na ɗauka shiririta ce ta maza, kuma ban taɓa zaton zai kai hannu kan 'yata ba, saura kwana goma sha biyar ta tafi, ko ɗinkinta ban karɓo ba.

Na kira shi sau goma sha ɗaya. Da ya ɗauka a Ngong, na faɗa masa abubuwan da ba zan rubuta ba, don kada takardar nan ta faɗa hannun yaranki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wai in yi haƙuri, ga jandarmomi a gaba. Babu wani jandarma, Adda, ina jin muryar mai sayar da gyaɗa a bayansa. Kwana huɗu na yi ina shara da ƙarfi, ina wanke abin da ba ya da datti. Na tsara jawabin tarbarsa sakin layi biyar, na haddace shi tsaf.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga ƙarar motar a bakin layi. Na ɗaura zani, na fito da jawabina. Kafin in buɗe baki wata yarinya ta diro daga gaban tirela, fuska duk baƙin mai, ɗankwali a ƙugu, da wani guntun ƙarfe a hannu, tana magana kamar an kunna rediyo. Sai da na duba ta sau biyu. Ta faɗa mini sun kai auduga sun ɗauko siminti a tashar jirgi. Ta lissafa mini garuruwan hanya bi da bi, ta ce ta ga birai zaune a kan kwalta kamar masu jiran mota, ta ce sanyin Ngawundere ya sa babanta ya ba ta rigarsa, ta ce jirgin ƙasa ya fi layinmu tsawo. Abokin Alhaji, Barthélemy, da suka jera tare, shi ma ya zo da 'yarsa Laetitia, kuma wai a kwana biyar yaran nan sun cinye masara gasassa ta gona guda. Jawabina bai samu wurin shiga ba. Har yau yana nan, ban yafe ba, ajiye shi na yi.

Labarin ƙarfen kuwa daga bakin Barthélemy na ji shi, don ya biyo su har gida musamman ya ba ni. Kin san gangaren nan da ke bayan Ngawundere, wanda suke kira falez, inda hanya ke nannaɗewa tana sauka, kuma kin san motocin da ya ci. Kafin su sauka da lodi, direbobi kan tsaya a sama, kowa ya ɗauki ƙarfe ya bi tayoyinsa yana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Da kunne suke gane mai iska da maras iska, musamman tayoyin ciki da ido ba ya gani sosai. Alhaji ya buga nasa, ya koma shan shayi. Su'ad da ta kwana uku tana kallon wannan aiki ta roƙi Barthélemy ya ba ta ƙarfensa, ta bi tayoyin babanta tana bugawa, maza suna mata dariya. Sai ta tsaya a kan wata ta ciki a baya, ta buga, ta sake bugawa, ta zo ta ce wa babanta wannan ba ta amsawa kamar sauran, sauran suna cewa tan, ita tana cewa tub. Ya ce mata ya riga ya duba, ta hau mota. Yarinyar nan ta nemi dutse ta zauna, ta rungume ƙarfe, ta ce ba za ta hau ba. Ya lallaɓa, ta ƙi. Ya haɗe rai, ta ƙi. Barthélemy ya ce wai a nan ya faɗa wa Alhaji, Isa, ai kuskure ka yi, uwar ka ɗauko ka bar 'yar a gida. Na ce masa zan tuna da wannan.

Don dai a samu a tafi, suka kafa jak suka cire ta waje. Ta ciki kuwa iskarta ta kusa ƙarewa, da ƙusa a jikinta tsawon yatsa. Da lodin siminti za su gangara a haka, ta waje ita kaɗai ke ɗauke da nauyin biyu. Adda, da ya kai nan a labarin sai salati na yi ta yi. Su kuwa direbobi biki suka yi. Suka ɗaga Su'ad sama, mai shayi ya ba ta ƙwai biyu kyauta, Barthélemy ya bar mata ƙarfen, kuma tun daga ranar ba mai kiranta sai da Shef, wato shugaba. Alhaji da shekara ashirin da uku a kan sitiyari ya sha tsiya har Garwa, wai ya je a wanke masa kunne. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin a yi masa tsiya kamarsa ba, sai washe baki yake.

Amma ba tayar ce ta sa na ɗauki biro ba. Washegari da safe, ina shirin fara jawabina, sai ya riga ni. Ya ce a hanya, bayan sun wuce Mbe, Su'ad ta tambaye shi ko don ita daƙiƙiya ce Mama za ta ba da ita. Ta ce masa tana son Goggo Mairamu, amma ba ta son a aika ta kamar kayan da aka ƙi saya. Na ce ƙarya ne, yarinyar da ba ta haɗa kalma uku yaushe ta yi wannan dogon zance? Sai ya ce mini a gaban mota kowa hanya yake kallo, ba mai kallon fuskar wani, shi ya sa yara ke magana a can. Ya ce ni kuwa in na tambaye ta abu, ido nake kafa mata kamar mai jiran amsar jarrabawa. Akwati biyu na littattafai gare ni a ɗaki, rabinsu kan tarbiyyar yara, amma direban da ya bar lekol a aji huɗu ne ya faɗa mini wannan. Na ji haushi ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiyarsa.

Na gwada. Na ɗauko tire biyu na shinkafar Maga, na zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, muna tsinta muna kallon katanga. Na ciji harshena ban tambaye ta komai ba. Kafin mu gama tsinta na san sunan yarinyar da ke kwaikwayon muryarta a aji, na san dalilin da ya sa ta daina ɗaga hannu, na kuma ji an ce mini miyar kukata gishiri ya yi mata yawa. A nan na faɗa mata, idona a kan shinkafa, cewa ba a ba da ita, ba a kuma taɓa ƙin ta ba. Sai ta kwaso nata tsakuwoyin ta zuba a nawa tiren.

Saboda haka, Adda, Su'ad ba za ta zo ba. Na san kin share mata ɗaki, kin saya mata katifa, kin yi magana da shugabar makaranta, kuma na san yadda kika ƙwallafa rai a kan ta. Ni na yi alkawari, ni na karya. In za ki yi fushi, ki yi da ni, kin saba tun muna yara. Kada ki yi da ita, kada ma ki yi da Alhaji, shi nawa ne, ni zan ji da shi. Ina so in yi shekarar nan ina koyon zama kusa da 'yata, kuma ba zan iya ba in tana Yawunde.

Ga abin da nake roƙo. Hutun Disamba ki hau jirgi ki zo Ngawundere, mu kuma za mu taso daga nan mu tarbe ki a tasha. Na ce mu, don na riga na faɗa wa Alhaji cewa ni ma zan hau tirelar nan. Ya ce kujerar da tauri kuma ba a gyara wa direba tuƙi. Na ce za mu gani. Su'ad ta ce ita za ta zauna a tsakiya don ta raba mu.

Ki gaishe mini da Malam Mahfuzu, ki ce na gode da haƙurinsa. Ki gaishe da 'yarki Sharifa da maigidanta da jaririnsu, Allah Ya raya. Inna tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man zafin nan. Véronique ce za ta kawo miki takardar, tare da kilishi da kuka. Su'ad tana gaida Goggonta, ta ce in rubuta Shef, na ce ba a takardata ba. Allah Ya sada mu da alheri, Ya sanyaya zuciyarki a kaina.

Ƙanwarki mai laifi,
Khaula.