Alhaji da Kujerar Matuƙi

Unguwar Sa'alaba, daren Talata, watan Rajab

Yau Alhaji ya zaunar da ni in rubuta masa tarihin sojansa da ajami, don jikoki su san ba a gadin shago aka haife shi ba. Farkon bai ba ni wahala ba. Sojan laima ne lokacin yaƙi, yana dirowa daga jirgi, gwiwarsa ma shaida ce. Da muka zo komawarsa sojan sama, sai ya ce, "Rubuta, na tuƙa jirgi."

Na ajiye alƙalami. "Alhaji, da hannun da nake rubuta aya?"

"Hajiya, ai na zauna a kujerar matuƙi."

"Jirgin yana ƙasa."

Ya yi fushi, har shayi ya ƙi sha. Na ji tausayinsa, amma na san aikinsa can naɗe wa matuƙa laima ne.

Bayan isha'i ya leƙo. "To halas, shi ke nan, rubuta ban taɓa naɗe laimar da ta ƙi buɗewa ba."

Wannan kam na rubuta da zuciya ɗaya. Shekara talatin yana naɗe mini zannuwa, kuma kowanne yana buɗewa lafiya, sai dai kafin ya gama ɗaya na dafa shinkafa.