Abin da Ya Maƙale a Tiyo

Litinin, 9 ga Yuni, 2025

Injin sharar da ɗanmu Clinton ya aiko daga Abuja ya daina zuƙa. Maman Clinton tana cikin share falo ta cusa bakin tiyon ƙarƙashin kushin ɗin doguwar kujera, sai kukan injin ya canja, ya koma siriri kamar na akuyar da igiya ta shaƙe. Ta ce ai kayan zamani ke nan. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin kushin ɗin nan: ledojin alewar madara. Tun da likita ya ce ina da ciwon suga nake sayowa a shagon Shekari, in sha a ɓoye, in tura ledar can, wai gobe zan kwashe. A gabanta na yi wa likita alkawarin na daina. Ciwon nan ne ya sa aka yanke wa babanta ƙafa kafin ya rasu, ita ta yi jinyarsa.

Talata, 10 ga Yuni

Wai za ta kai injin wurin Wilfred, mai gyaran fanka da dutsen guga a bakin titin Trikania. Wilfred da muke ƙungiyar mawaƙa tare a coci, wanda bakinsa bai san linzami ba. Kafin Lahadi kowa ya ji abin da ni Baba Ishaya nake yi. Na ce a bari, ni zan gyara. Ta tambaye ni tun yaushe na koma injiniya, ni da ko ƙwan lantarki sai na kira maƙwabci.

Da ta tafi zumuntar mata na ɗaga kushin. Wayam, injin ya kwashe duka. Na zazzage jakar ƙurar a bayan gida, ƙura ce da gashi, babu leda ko ɗaya. Na wanke filta, matatar ƙurar, na shanya.

Laraba, 11 ga Yuni

An ɗauke wuta tun safe. Ban taɓa jin daɗin rashin wuta irin na yau ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Filta ta bushe, na mayar. Injin ya yi ta ihu, ya ɗau zafi, ya mutu da kansa. Na ce shi ke nan na ƙone kyautar yaro. Ashe hutawa yake, da ya huce ya tashi. Na cire tiyon na ɗora tafin hannu a bakin injin, ya kama ni gam. To lafiyarsa ƙalau, tiyon ne ya toshe. Na jefa tsakuwa ta baki ɗaya, ba ta fito ta ɗayan ba.

Na miƙar da wayar rataye kaya na yi ta zungura. Ban fito da komai ba, sai huda tiyon da na yi. Na naɗe da salatif, na juya wurin ya kalli bango. Mutum da furfura.

Da yamma ta yi mini tuwon acca, abincin masu suga, da miyar kuka, ita ma shi ta ci, ko da yake na san ba ta son acca.

Jumma'a, 13 ga Yuni

Sandar mofa ta goge daɓe tana shiga, amma tiyon lanƙwashewa yake, sai ta tsaya a gwiwa. Na taka baki ɗaya da ƙafa, ya suɓuce. Na ɗaura a ƙarfen taga, ya zame. Sai an miƙar da shi sak, wani ya riƙe can, ni in tura daga nan. Mu biyu ne a gidan.

Ta ce in bai gyaru ba gobe, Wilfred zai zo har gida.

Asabar, 14 ga Yuni

Na kira ta tsakar gida na ce ta riƙe mini. Muryata ma ba tawa ba ce. Ta ja, tiyon ya miƙe, na tura sanda. Da fari ya ƙi, can ya saki, dunƙulen ya faɗo a kan silifas ɗinta, ya watse. Ledoji masu ƙyalli, sun manne da ƙura, da tsakuwata a tsakiya. Ban zaci sun kai haka yawa ba.

Na so ta yi faɗa, da na san yadda zan yi da shi. Ba ta yi ba. Ta sunkuya ta ɗauki guda, ta karkaɗe, ta duba gaba da baya.

"Baban Clinton," ta ce, "ni da ba ni da ciwon, rabona da sukari a shayi tun Kirsimeti. Don kada ka gani ranka ya biya."

Ta ajiye mini ledar a hannu ta shiga ciki. Ni na share tsakar gidan, da tsintsiya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Lahadi, 15 ga Yuni

Wilfred ya tambaye ta injin a ƙofar coci. Ta ce maigida ya gyara. Iyakar abin da ta ce ke nan, sai ya fi mini zagi ciwo.

Laraba, 18 ga Yuni

Injin yana zuƙa sosai, sai ɗan fito da yake yi ta wurin salatif. Duk lokacin da ta kunna, ni kaɗai na san da wa yake. Har yanzu maganarta gajera ce, amma jiya ta tambayi ƙafata, ta sa na cire safa ta duba.

Na biya ta shagon Shekari, hanya ce kawai ta bi da ni. Tun ban yi magana ba ya miƙa hannu ga kwalbar alewa. Na ce ya ba ni ashana. Ya ce ashana kawai, Baba? Na ce ita kawai.

Muna da ashana kwali guda a kicin, ko buɗewa ba a yi ba.