Inabin da Aka Taka da Takalmi

Zuwa ga yayana Asaya, a ƙasar Masar.

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Shelomit. Ina roƙon Ubangiji Allahn kakanninmu ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka. Mu ma muna nan da ranmu. Ciwon gwiwar maigidana Malkiya ya lafa, bakinsa ne dai ya daɗe bai lafa ba, ka san halin surukin naka. Noa, matar ɗana Fedaya, ta sauka lafiya tun girbin sha'ir. Namiji ne, an yi masa kaciya, sunansa Elnatan. Goshinka ya ɗauko sak.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa maka abin da ya kai ni wurin mai rubutu. Ka tuna Elasa, mai annabcin nan da yara ke bi da jifa? Lokacin da labari ya iso cewa rundunar Babila ta taso, ya zo ranar kasuwa da kwando cike da nunan fari na inabi, ya juye a ramin matse inabi na bakin ƙofar gari. Sai ya shiga ciki da takalmi. Wani shirgegen takalmin soja ne, duk ƙura da kashin jaki. Ya yi ta takawa, ba waƙa, ba magana, har ruwan ya koma laka. Mata suka ɗora hannu a ka. Tsohuwa Tirza ta ce wace uwa ce ta haifi wannan marar kunya, ko kare ba ya yi wa abinci haka. Da ya gama, ya fito ya kama hanyarsa.

Dattawa suka zauna a ƙofar gari suna fassara, muryar Malkiya ta fi ta kowa. Ya ce ai abin a fili yake: mutanen Babila su ne inabin, takalmin kuma na samarinmu, haka za mu tattake su. Fassarar ta yi wa kowa daɗi, kowa ya ɗauka. Ni dai ba ta kwanta mini ba, amma ba a tambayi mata ba.

Ka san gonar da Fedaya ya dasa a gangaren tudu. Shekara uku ba mu taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, kamar yadda doka ta ce. Bana ta huɗu, amfanin na Ubangiji ne, sai baɗi zai sa a bakinsa. Wannan ne ya sa hankalina yake kwance, tunda wanda ya dasa inabi bai ci ba, ba a kai shi yaƙi. Ranar da aka tara samari, shugaban yaƙi ya yi shela cewa mai sabuwar gonar inabi ya koma gida. Wasu suka fita daga sahu. Fedaya ya tsaya ƙyam, yana kallon ubansa, uban kuma yana gyaɗa kai. Na riƙe masa riga ina kuka, ya yi dariya ya ce wai Inna ta cika tsoro, in adana hawayena, zai dawo ya taka inabinsa da kansa, ni kuma in ja masa waƙa.

Bayan tafiyarsu na kasa zama, na je na sami Elasa a gindin ɓaure, na ce ya faɗa mini gaskiya don girman Ubangiji. Ya tambaye ni ko tun ina yarinya na taɓa ganin mai gona ya shiga ramin matsa da takalmi. Ya ce mai gona yakan tuɓe, ya wanke ƙafa, domin shi zai sha. Wanda ya shiga da takalmi ba shi ya dasa ba, kuma ba sha ya kawo shi ba. Ya ce mu ne inabin. Na ce to me ya hana shi buɗe baki a gaban jama'a? Ya ce shekarunsa nawa yana faɗa da baki ana ce masa mahaukaci, shi ya sa Ubangiji ya umarce shi ya faɗa da ƙafa. Hawaye na bin gemunsa. Duk da haka, Yaya, har yau ina jin haushinsa, ko da yake na san ba shi ya gyaɗa wa ɗana kai ba.

Yanzu garuruwan da ke arewa da mu sun faɗi, mutanensu na shigowa da ƙunshi a ka. Babu wanda ya ga rundunar su Fedaya. Gonarsa kuwa ta nuna, ban taɓa ganin inabi mai kyau irin wannan ba. Ba mu da ikon ci, hanyar Urushalima kuma ta toshe balle mu kai wa Ubangiji nasa. Tsuntsaye ne ke sha. Malkiya ya daina zuwa ƙofar gari. Shekaranjiya na same shi tsaye a tsakiyar gonar, ƙafa ba takalmi, ya riƙe takalman a hannu. Tausayinsa ya kama ni.

Ga roƙona. Noa da jaririn za su biyo ayarin da ya kawo maka wannan takarda, ka karɓe su kamar naka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni da Malkiya za mu zauna, kada Fedaya ya dawo ya tarar da gida a rufe. Na ba Noa reshe ɗaya daga gonar, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Ka dasa shi, ka ƙirga masa shekaru yadda muke ƙirgawa a gida. A ta biyar kada kowa ya riga Elnatan sa shi a baki, ka gaya masa na ubansa ne, wanda bai ɗanɗana ba.

Ka gaishe mini da matarka Keziya, da Asahel da Abital, da Gwaggo Hogla in tana gane mutane har yanzu. Malkiya ma yana gaisuwa. Ubangiji ya tsare ku, ya sake haɗa fuskokinmu in da rabo. Don Allah, Yaya, kada ka bar reshen nan ya bushe.

Ƙanwarka,
Shelomit