Saƙonnin Yoila Guda Tara

Bulumkutu, Maiduguri

Yaya Susanna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama, yaya ƙafarki? Ina fata kowa lafiya a Biu. Mu ma lafiya lau, sai kewar ƙanenki Yoila da ta ƙi raguwa.

Ranar Asabar na gane abin da ya sami 'yarmu Pindar. Na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da ita a bayan ɗaki da tsohuwar wayar babanta, tana sauraron saƙon murya da ya aiko mata bara daga wurin aiki, yana koya mata lissafin rabawa da yarenmu na Bura. Ta jera gyaɗa a ƙasa tana bin sa, amsarta duk daidai. Tana ganina ta ɓoye wayar kamar ta yi sata.

Akwai abin da na ɓoye miki. Tun rasuwar ƙanenki Pindar ta sauko daga ta uku a aji zuwa ta ashirin da takwas. Hedimasta ya ce yaren gida ne ya toshe mata Turanci, in ban daina yi mata shi ba, za ta maimaita aji huɗu. Na bi, tunda shi mai ilimi ne, ni a firamare na tsaya. Wata huɗu ba Bura a gidan nan, Yaya! Turancina bai wuce "ci abinci" da "je ki kwanta" ba. Gida ya yi tsit. Yarinya ta rasa uba, ni kuma na hana ta bakin uwa.

To lokacin da take ta uku, ba Bura muke yi ba? Kullum Yoila ya dawo sai ya juya mata darasi da yarenmu har ya zauna mata, sannan ta rubuta da Turanci. Mai juyawar ne ya tafi.

Jiya na je ofishin hedimasta na gaya masa a tsaye: Turanci aikinsa ne a aji, gidan Yoila kuwa Bura za a yi. Ya ce zan yi nadama. Na riga na yi, ta wata huɗu.

Yanzu har waƙa take yi wajen wanke-wanke. Amma saƙonnin tara ne kacal, a rabawa suka tsaya. Jarrabawa saura mako shida, littafin ya fi ƙarfin karatuna, kuma daga nan zuwa gaba babu wanda ya juya mata tukuna.

Ki gaida Mama da yara.

Taki,
Phebe