Madugun Dandalin Ayari

Nassarawa G.R.A., Kano
Litinin

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Anti Fatsuma da yara kuna lafiya. Ya aikin jami'a? Hajiya na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Yahaya direba. Wayata a kashe take tun Juma'a, kuma ba na son in ari ta Hajiya ta ji abin da zan faɗa, ga hawan jininta.

Kamfanin da ke buga wasan nan namu na kan tebur, Ayari, ya rufe dandalinsa na intanet. Wai mutane sun daina shiga, kowa ya koma guruf na waya. Shekara tara ina kula da wurin, ina goge zagi, ina raba gardama kan dokokin wasa, kuma ban da kai da ƙawata Yusra babu wanda ya san ni ce "Madugu". Kowa ya ɗauka namiji ne.

To, don kada a watse, Yusra ta buɗe guruf ta zuba mutum sama da ɗari. Da kyakkyawar niyya ta rubuta: "Ga Madugunmu nan, Nabiha." Lambata da hotona, kowa na gani.

Ka tuna wanda ke kiran kansa Kurege? Wanda wata ɗaliba ta cinye shi a gasa, ya wallafa sunan makarantarta ya ce zai jira ta a ƙofa? Ni na kore shi shekara huɗu da suka wuce. A lokacin ya ce duk ranar da ya gane ko wane ne Madugu, sai na yi kuka. Ban damu ba, don dandalin yana ɓoye kowa.

Ranar Juma'a wata baƙuwar lamba ta turo mini: "Ashe ke ce."

Yaya, bai ce "ashe mace ce" ba.

Ƙanwarka,
Nabiha

Samaru, Zariya
Talata

Zuwa ga Nabiha,

Amin, wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, saƙonki ya iso ni, na kuma karanta shi da kyau.

Ina ganin kin ɗauki abin da zafi. Masu irin wannan hali jarumtarsu a kan waya take ƙarewa. Ki kunna wayarki, ki toshe lambar, ki fita daga guruf ɗin. Ki gaya wa Garba maigadi kada ya buɗe wa baƙo. Wasan Ayari na ranar Asabar kuwa kada ki fasa shi. Ni na kafa zaman nan a barandarmu kafin in dawo Zariya, kuma zama cikin mutanen da kika sani shi ne zai kwantar miki da hankali.

A gaishe da Hajiya. Na bar ki lafiya.

Yayanki,
Badaruddeen

Nassarawa G.R.A.
Laraba

Yaya,

Salam, ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Ko awa ɗaya ba a yi ba wata lambar ta shigo. Ga abin da ya rubuta, ban canza ko harafi ba:

"Kujerar da ke kusa da bishiyar mangwaro tana girgiɗi. A gyara ta kafin Asabar. Kuma ki daina ɓoye katin gishiri ƙarƙashin kwalin wasa, ina ganinki."

Nan take na sake kashe wayar. Yaya, daga titi ba a hango barandar nan. Na kira Garba na tambaye shi ko wani baƙo ya taɓa shigowa. Ya ce, "Wallahi Anti, ban da mutanen Asabar babu wanda nake buɗe wa."

Mutanen Asabar su huɗu ne. Ka cire Yusra, saura Nabil da Sadiƙ da Maharazu, duk abokanka. Da hannuna nake zuba musu shayi. Yau a wurin aiki sau biyu ina ƙirga magani ina ɓata lissafi, har abokiyar aikina ta ce in tafi gida. Na zauna ina tuna fuskar kowanne in ya faɗi wasa. Duk dariya suke yi.

Kai ka san su kafin ni. Don Allah ka gaya mini abin da ka sani.

Nabiha

Samaru, Zariya
Alhamis da safe

Nabiha,

Salam. Ki yafe mini. Maharazu ne.

Shi da bakinsa ya gaya mini shi ne Kurege, wata biyu bayan kin kore shi. Ya ce a lokacin aikinsa ya lalace, ba ya cikin hayyacinsa, ya rantse ya tuba. Na tausaya masa, na kawo shi zaman Asabar don ya sami mutane. Ban gaya masa ke ce Madugu ba, ke ma ban gaya miki ko shi wane ne ba. Na dogara da cewa dandalin zai ci gaba da raba ku. Da wasiƙarki ta farko ta zo na gane, amma na kasa rubutawa, na ce ƙila wani ne.

Kada ki bari ya shigo. Ina da jarrabawar ɗalibai yau, gobe da sassafe ina hanya, tare za mu kai ƙara.

Allah ya tsare ki.

Badaruddeen

Alhamis, bayan azahar

Yaya,

Salam. Takardarka ta makara da minti goma. Yana falo yanzu tare da Hajiya. Wai ya zo duba ƙafarta, har da ledar lemo. Ina jiyo ta tana sa masa albarka.

A kicin nake rubutu. Na sa Garba ya tsaya a bakin ƙofar falo. Wayar tana hannuna, ban goge komai ba. Na ɓoye wa Hajiya don lafiyarta, amma ba zan bari ya fita daga gidan nan tana ce masa ɗana ba. Zan shiga in karanta mata saƙonnin a gabansa.

Yahaya zai juyo da wannan yanzu. Ka bar jarrabawar, ka biyo shi.

Ka yi mini addu'a.

Nabiha